Yadda Za Ka Zaɓi Inda Za Ka Fara Karanta Bayanai a Amazon Kinesis

An sha tambayata wannan, musamman masu cewa sun haɗa komai amma shiru, ba abin da ya fito. Kinesis sabis ne na Amazon da ake tura masa bayanai a jere kamar ruwan rafi (stream), wasu manhajoji kuma su karanta. Ga matakan:

1. Duba tsawon lokacin da rafinka ke ajiye bayanai. In ba ka taɓa shi ba, awa 24 ne. Ana iya ƙara shi har kwana 365.

2. Rafin a rabe yake sassa-sassa (shards); nemo sunayensu da umarnin ListShards. Kowane sashe da nasa wurin farawa.

3. Zaɓi nau'in farawa:
TRIM_HORIZON: daga mafi tsufan bayanin da ya rage.
LATEST: sababbi kawai, daga yanzu.
AT_TIMESTAMP: daga lokacin da ka ayyana.
AFTER_SEQUENCE_NUMBER: daga bayan na ƙarshen da ka karanta.

Hattara! A nan aka fi yin kuskure. In ka zaɓi LATEST, abin da aka tura kafin ka fara ba zai zo ba. Wajen gwaji ni TRIM_HORIZON nake ɗauka.

4. In lokaci za ka bayar, rubuta shi da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Agogon Kano da Yamai yana gaba da awa ɗaya.

5. Kira umarnin GetShardIterator da zaɓinka; zai dawo maka da alamar wurin farawa.

6. Miƙa alamar da ta dawo ga GetRecords, umarnin da ke ɗauko bayanan, nan take. Bayan minti 5 ta mutu.

7. Ci gaba da NextShardIterator, wato sabuwar alamar da GetRecords ke dawo maka da ita. Amsa ta zo fanko? Kada ka tsaya, sake kira.

Mai amfani da KCL (Kinesis Client Library, manhajar da ke yi maka wannan karatun) ya sani: zaɓin nan sau ɗaya yake aiki. Da zarar an rubuta inda ka tsaya a teburin DynamoDB (rumbun bayanai na Amazon), daga nan KCL zai ci gaba.