Yadda za ka bi zaɓen Jamus daga nan Abuja ba tare da kanka ya ɗaure ba

Mu dai nan mun saba, in an yi zaɓe tambaya ɗaya ce, wa ya ci? Toh in ka ɗauki wannan tambayar ka kai ta Jamus za ka sha wahala, shi ya sa za ka ji masu sauraron DW Hausa a cikin gosulon Nyanya ana ta musu, wai ya za a ce an gama zaɓe tun watan jiya amma har yau babu gwamnati. Bari in nuna maka ta inda ake kamo zaren.

Fara da raba mutum biyu a kanka. Jamus tana da shugaban ƙasa, Frank-Walter Steinmeier wanda ya hau tun 2017, amma ɗan uwa kar ka ɓata lokacinka a kansa, aikinsa sa hannu a dokoki da karɓar jakadu da jawabi in wani abu ya faru, ba ma talakawa ke zaɓensa ba, wani taro ne na 'yan majalisa da wakilan jihohi. Mai riƙe da wuƙa da nama shi ne shugaban gwamnati, kujerar da Angela Merkel ta zauna daga 2005 zuwa 2021. Dattawanmu sun san irin wannan, zamanin da Azikiwe ke shugaban ƙasa amma mulki na hannun Tafawa Ɓalewa, sai a 1979 ne muka koma salon Amurka.

Shi kuma shugaban gwamnatin babu wanda ke dangwala masa a takardar zaɓe a matsayin shugaba, majalisar tarayya ce, Bundestag, take zaɓensa. Kenan abun da ake yi ranar zaɓe cika kujerun majalisa ne kawai.

Kowane mai zaɓe ƙuri'a biyu gare shi a takarda ɗaya. Ta farko ta ɗan takarar mazaɓarsa ce, mazaɓu 299 ne a ƙasar, ta biyu kuma ta jam'iyya ce. Kai ta biyun za ka sa wa ido, don da ita ake raba kujeru 630, jam'iyyar da ta samu kashi 20 cikin 100 za ta samu wajen kashi 20 na kujerun ko sama da haka kaɗan. Kuma tun da suka gyara dokar a 2023 mutum zai iya cin mazaɓarsa ya kuma rasa kujera in ƙuri'ar jam'iyyarsa ba ta kai ba, a zaɓen 2025 mutum 23 haka ta faru da su. Ni dai wannan ɓangaren bai kwanta min ba gaskiya, a ce ka kayar da kowa a unguwarku kuma a ce ka zauna gida, a nan da tuni lauyoyi sun cika kotu.

Ranar zaɓe, wadda kullum Lahadi ce, ana rufe rumfuna ƙarfe 6 na yamma kuma nan take gidajen talabijin ke fitar da hasashe. In lokacin sanyinsu ne agogonmu ɗaya da su, in kuma zaɓen ya faɗo a Satumba toh ƙarfe 5 ne a Abuja, bayan La'asar kenan sai ka kunna data. Da hasashen ya fito kar ka tsaya kallon na sama, leƙa ƙasa tukuna, wajen ƙananan jam'iyyu, saboda jam'iyyar da ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba ba ta shiga rabon kujeru, sai fa in ta ci mazaɓu uku ko kuma ta tsirarun ƙabilu ce. A zaɓen 23 ga Fabrairun 2025 jam'iyyar FDP ta faɗi ƙasa da layin, jam'iyyar BSW kuma ta tsaya a bakin ƙofa da kashi 4.9 da ɗoriya, kuma faɗuwar nan tasu ce ta sa kujerun manyan suka ƙaru har jam'iyyu biyu suka iya haɗa gwamnati ba sai an nemo ta uku ba.

Yanzu sai ka ɗauko biro ko kalkuleta na waya, lambar da kake nema 316 ce, rabin 630 da ɗaya, wato rinjayen da ake buƙata a zaɓi shugaban gwamnati. A zaɓen na 2025 jam'iyyar CDU da ƙanwarta CSU, wadda a jihar Bavariya kaɗai take takara, sun samu 208, AfD masu ƙyamar baƙi 152, SPD 120, masu rajin kare muhalli 85, Die Linke 64, sai wata 'yar ƙaramar jam'iyya ta tsirarun arewa da kujera ɗaya. Ka ga babu wanda ya kai. Sai ka fara haɗawa biyu-biyu, amma ka cire AfD daga lissafin don sauran sun ce ba za su yi ƙawance da ita ba ko da ta zo ta biyu. 208 da 85 bai kai ba, 208 da 120 ya ba ka 328, shikenan kai ma ka san gwamnatin da za a kafa tun kafin a sanar. Kuma kar ka ɗauka dole wanda ya zo na ɗaya ne zai mulki, a 1976 CDU da CSU ne suka fi kowa ƙuri'a amma Helmut Schmidt na SPD ya ci gaba da zama saboda FDP na tare da shi.

Daga nan sai haƙuri, don za su zauna su yi ta ciniki a kan haraji da fansho da maganar baƙi da wa zai riƙe ma'aikatar kuɗi, su rubuta yarjejeniya mai shafuka sama da ɗari. Bayan zaɓen Satumban 2017 sai Maris na 2018 aka samu gwamnati, tsohuwar ce ke riƙon ƙwarya kafin nan. In kana da ɗa ko ƙani da ke neman biza ta karatu ko aiki, wannan yarjejeniyar ta fi maka jawabin kamfe amfani, a nan ake ganin inda dokar shige da fice ta dosa.

Ko an sa hannu ma kar ka kashe rediyo, don ƙuri'ar da majalisa ke zaɓen shugaban gwamnati da ita a ɓoye ake kaɗa ta. Ranar 6 ga Mayun 2025 Friedrich Merz, ɗan takarar CDU, ya shiga da 328 a takarda amma ya fito da 310 a zagayen farko, abun da bai taɓa faruwa ba tun 1949, sai a zagaye na biyu a ranar ya samu 325.

In kuma ka ji ana cewa gwamnati na tangal-tangal, tambayi abu ɗaya, shin 'yan adawa suna da wanda za su ɗora? Dokarsu ta ce majalisa ba za ta cire shugaban gwamnati ba sai ta zaɓi magajinsa a lokaci guda, kuma sau ɗaya tak hakan ta yi nasara, a 1982 da Helmut Kohl ya karɓa daga Schmidt. Ɗaya hanyar ita ce shugaban gwamnatin da kansa ya nemi ƙuri'ar amincewa ya faɗi, kamar yadda Olaf Scholz ya yi a Disamban 2024 bayan ya kori ministan kuɗinsa Christian Lindner, sai shugaban ƙasa ya rusa majalisa a koma rumfa.

Zaɓukan jihohi ma kar ka tsallake su, jihohi 16 ne kuma gwamnatocinsu ke tura wakilai majalisa ta biyu, Bundesrat, mai ƙuri'u 69, dokoki da yawa musamman waɗanda suka taɓa kuɗin jihohi ba sa wucewa sai da yardarta.