Yadda Ake Tsara Fim Ɗin Uwa Mai Kare Ɗanta Daga Makirci

Masu haɗa gajerun finafinai da wasannin rediyo a Tawa suna son labarin uwar da ake neman raba ta da ɗanta, amma da yawa sukan faro da bindiga da tseren mota, kuɗin aiki ya ƙare, mai kallo ko gezau. Abin da ke hana mutum tashi daga gaban talabijin shi ne ganin uwa da hannuwanta a ɗaure cikin gidanta.

Da farko, ɗaure ta. Mijinta ɗan ci-rani ne, kamar dubban mazan Adar, ya rasu a Abijan. Tana cikin takaba, wata 4 da kwana 10, ba kwana a wani gida, ba fita sai da lalura. Duk takun da za ta yi akwai idon unguwa a kanta.

Na biyu, ba maƙiyi dalili. Ɗa namiji yana hana 'yan'uwan mamaci cin gado. Uwar yaron, a matsayinta na matar mamaci, ta ɗauki tumuni, wato kashi ɗaya cikin 8, mafi yawan saura na yaron ne. Da 'ya mace ce tilo, rabi za ta ɗauka, baffanni su samu abin da ya rage. To ga yaro ɗan shekara 7 ya tsaya tsakanin baffansa da kanti, da gida, da garkar albasa.

Na uku, nan ne aikin yake: zaɓi maci amana. Kishiya ta yi araha, tun fitowar farko kowa zai nuna ta. Ɗauki aminiya, wadda ta yi mata zaman jego, wadda ke kawo mata fura kullum da la'asar. Kada ka sa ta mugunta tsagwaronta. Bashin adashe ne ya shaƙe ta, baffan ya biya mata. Shi kuma baffan ka bar shi da fara'a da carbi. Ya zauna bakin tabarma ya ce, "Amarya, ki ba ni yaron nan in kai shi karatu, hutar da ke zan yi." Ita kuwa kanta a sunkuye: "Yaya, a bari in fita takaba tukuna." Babu zagi, amma kowa ya ji an ja daga.

Na huɗu, shuka alamu ƙanana. Takardar haihuwar yaron ta ɓace daga ƙarƙashin kwalla, wurin da mutum biyu kaɗai suka sani. Ɗan kabu-kabu ya je ƙofar lakkwal, wato makarantar boko, ya ce an aiko shi. Salular aminiyar ta yi ƙara, ta kife ta da sauri.

Na biyar, sa lokaci ya matsa. Motar asuba ta bar tasha da yaron a ciki, ta nufi Badagishiri, daga can Tsarnawa, sai Ƙonni, kuma Illelar Najeriya na nan kusa. Jandarma su taimaka, amma kada su ƙwace mata labarin. Ita za ta gano hanya.

Sai makamin da muke da shi a al'adarmu, alkunyar ɗan fari. Tun farkon fim kada ta ambaci sunansa ko sau ɗaya. "Yaron nan" kawai, ko "kai". Ko rungumarsa kada ta yi gaban mutane. Ajiye sunan har tashar Ƙonni, inda za ta hango shi ta gilashin mota ta ƙwala masa kira da sunan yanka. A wurin nan a kashe kiɗa, a bar muryarta da hayaniyar tasha.

Kafin ɗauka, karanta wa dattijuwa ɗaya rubutun, ta gyara maka abin da mai takaba ba ta yi. Batun rabon gado kuma kai wa malami ya duba lissafin.