Darasi na 9: Shirya Kati Kafin a Kai Maɗaba'a

A wannan darasi za mu ga abin da ake yi wa kati, ko fosta, ko kalanda, bayan an tsara su a kwamfuta ko a waya, kafin a miƙa wa mai maɗaba'a. Wataƙila ba ku ne za ku tsara ba, yaron shagon kwamfuta ne zai yi muku. Duk da haka ku ne masu biyan kuɗin, kuma sunanku ne a jikin takardar. Inji ba ya tambaya. Abin da aka ba shi shi zai buga, in ɗari biyar aka ce, ɗari biyar ɗin zai fitar da kuskuren a kowanne.

Mu fara da haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ wadda ake rubutawa a Nijar. Wata ɗaliba a ajinmu, tela ce, ta sa an tsara mata katin shago. A wayarta ya fito tsaf: "Muna ɗinkin zamani da na gargajiya." Da aka kawo daga maɗaba'a, sai ga wani ɗan akwati fanko zaune a gurbin ɗ. Ta koma da ƙorafi.

"Malam, ai ba haka na kawo ba."

"Hajiya, salon rubutun da aka yi miki aiki da shi babu shi a kwamfutarmu. Ita ta musanya da wani da kanta, shi kuwa bai san ɗ ba."

Gaskiyarsa. Salon rubutu da yawa ba su da haruffan Hausa. Wasu masu tsara kati, don gudun wahala, sai su cire lanƙwasar gaba ɗaya. Ni dai ban yarda da wannan ba. Ku duba katin biki da aka so a ce "manyan baƙi" ya koma "manyan baki". Wa zai so a kira surukansa haka?

Maganin abu biyu ne. A zaɓi salon da ke da haruffan tun farko. Sannan idan an gama gyara, a mayar da rubutun ya zama zane, yadda kowace kwamfuta za ta gan shi kamar hoto. A CorelDRAW, manhajar tsara zane wadda yawancin shagunanmu ke aiki da ita, ana zaɓar rubutun a danna Ctrl da Q tare. Amma ku kula: da zarar ya zama zane, ba a iya sauya harafi ko ɗaya. Don haka a ajiye kwafi biyu, na gyara da na bugawa. Na bugawar a fitar da shi a PDF.

Sai hoto. Hoto a kwamfuta ƙananan ɗigo ne jere da juna. Kati ko kalanda da za a riƙe a hannu suna son ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A5, wato rabin A4, faɗinta milimita 148 ne, tsawonta 210. Hoton da zai cika ta yana buƙatar kimanin ɗigo 1748 a faɗi da 2480 a tsawo. Ba sai kun haddace ba. Abin riƙewa shi ne, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa ɗigo idan an tura shi yadda aka saba. A waya ba za ku lura ba, sai a takarda fuskar amarya ta fito dishi-dishi. Ku tura ta wurin da aka rubuta Document, ko ku kai a filash. Hoton da aka kwafo daga Facebook ma haka yake. Babbar bana ta talla da ake kallo daga nesa ba ta buƙatar 300, rabin haka ma ya isa.

Launi kuma, kada ku yi rigima da kowa a kansa kafin ku san wannan. Waya da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Injin maɗaba'a da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, shi ne CMYK. Akwai kore shar da shuɗi mai ƙyalli da tawada ba ta iya kaiwa gare su. Ku ce a mayar da aikin CMYK tun a shago, ku ga yadda ya dusashe, in bai yi muku ba a sauya. Ƙananan rubutu kuwa a yi su da baƙi zalla, kada a haɗa da sauran tawada ukun, don in sun ɗan goce wa juna rubutun zai yi inuwa.

Saura gefe. Ba ɗaya-ɗaya ake yanka kati ba, tari guda wuƙa ke sara, kuma takan ɗan kauce. Idan launin bango ya tsaya daidai bakin kati, sai farin zare ya fito a gefe. Shi ya sa ake barin rara, milimita 3 ta kowane ɓangare. Katin A5 sai a tsara shi 154 da 216, wuƙa ta cinye rarar. Rubutu da lambar waya kuma a janye su ciki, aƙalla milimita 5 daga inda za a yanka.

Kafin ku ce a buga, ku nemi a fitar muku da guda ɗaya na gwaji. Ku karanta da ƙarfi, ku ɗora yatsa kan kowace kalma. Lambar wayar da ke jiki, ku kira ta nan take ku ji wa zai ɗauka. Ranar biki ku gwada ta da kalanda, kada a rubuta Asabar alhali Lahadi ce.

Aikin gida: kowa ya zo da tsohon katin biki ko na shago. Ku auna faɗinsa da tsawonsa da rula, ku rubuta girman da ya kamata a tsara shi idan an ƙara rara. Sannan ku ja layi ƙarƙashin duk kalmar da aka cire wa lanƙwasa.