Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar π, da yadda nake gyara su

Shekara 17 ke nan ina koyar da lissafi a ƙananan azuzuwan sakandare a Birnin Kebbi, kuma duk zangon da muka iso babin da'ira, kurakurai iri ɗaya nake tararwa a takardun yara, kamar dai gadonsu suke yi daga yayyensu. Na gaji da maimaita magana ɗaya a gaban allo, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta ta, har da kurakuran da ni kaina na tafka.

Asalin maganar gajeriya ce. Kowace da'ira tana da kewaye, wato tsawon bakinta idan aka zagaya ta, kuma tana da faɗi, wato miƙaƙƙen layin da ya taso daga wannan baki zuwa wancan ya ratsa ta tsakiyarta, wanda littattafan makaranta ke kira dayamita. Idan aka raba tsawon kewayen da tsawon faɗin, amsar da ke fitowa ɗaya ce a kowace da'ira, uku da ɗan wani abu, kuma ita ake rubutawa da harafin Girkanci π, wanda muke furtawa "fai". Wani masanin lissafi mai suna William Jones ne ya yi amfani da harafin da wannan ma'ana a 1706, daga baya rubuce-rubucen Leonhard Euler suka yaɗa shi.

Kuskuren farko shi ne yaro ya haddace 3.14 ba tare da ya san daga ina ta fito ba, har ya ɗauka cewa babbar da'ira tana da babban π, ƙarama kuma ƙarami. Ba na jayayya da mai wannan zato. Nakan sa a zo mini da faifai da murfin tukunya, a kuma jingine keken wani a bakin aji, sannan in raba zare da rula. A awon da muka yi a zangon da ya wuce, murfin ya ba da faɗin santimita 20 da kewayen 63, amsa 3.15, faifan ya ba da 31 da 97.5, amsa kusan 3.145, tayar keken kuma 66 da 207, amsa kusan 3.136. Daga nan sai wasu su faɗa wani ramin, su ce ashe π yana canzawa. Ba ya canzawa. Zare ne ke miƙewa, hannu ne ke rawa, kuma faifan da aka saƙa da hannu ba cikakkiyar da'ira ba ne. Dabarata wajen auna faɗi ita ce in matse abin tsakanin littattafai biyu da ke fuskantar juna daidai, in auna tazarar da ke tsakaninsu, domin wanda ya tsaya kintatar tsakiya da ido kusan kullum gajeren layi yake aunawa.

Sai kuskuren da ya ci mini kuɗi da mutunci, wato zubar da "ɗan wani abun" a riƙe uku kawai. Wata shekara na yi niyyar gina zagayayyen tankin kiwon kifi a bayan gidana, mai faɗin mita 4 daga ciki, da bulo mai inci 9, kuma birkilan ya ce sai an ɗaure ginin da zoben rodi guda 6. Ina tsaye a kasuwa na yi lissafin da ka: huɗu sau uku, goma sha biyu. Tsawon rodi ɗaya kuwa mita 12 ne, sai na ji daɗi, na ce kowane zobe rodi ɗaya, ba yanka ba asara. Na sayi guda 6 cif, na biya kuɗin dako, na shigo gida ina taƙama.

Washegari leburori sun kwaɓa siminti, aka lanƙwasa rodin farko a kan ginin, bakinsa biyu suka ƙi haɗuwa, tazarar da ta rage ta fi tsawon hannuna. Birkilan dattijo ne da bai taɓa zama a aji ba. Ya kafa ƙusa, ya zagaya ginin da igiya, ya shimfiɗe ta kusa da rodin, ya dube ni ya ce, "Malam, ai zagaye ba ya tsayawa a uku, kullum sai ya nemi ƙari." Na ce, "Gaskiyarka, Baba," domin ba ni da abin cewa. Kuskurena biyu ne a haɗe. Mita 4 sau 3.14 ya kai 12.56, ba 12 ba. Sannan zoben ba a bakin ciki yake kwanciya ba, a tsakiyar kaurin bulo yake, don haka faɗinsa kusan mita 4.23 ne, kewayensa kuma kusan 13.29, ban da abin da za a ɗora baki kan baki a ɗaure. Kwaɓin ranar ya bushe a banza, na biya leburori kuɗin yinin da ba a yi aiki ba, na koma kasuwa na sake sayen rodi da biyan dako. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaya daga cikin leburorin tsohon ɗalibina ne, kuma har aka tashi bai yarda mun haɗa ido ba.

Tun daga lokacin ba na barin aji ya wuce wannan babi sai kowane yaro ya gani da idonsa dalilin da ya sa uku ta gaza. A zana da'ira da kamfas, kada a taɓa buɗin kamfas ɗin, a riƙa taka shi a bakin da'irar. Taku shida cif za su dawo da kai inda ka fara. Idan aka haɗa ɗigogin da rula, an sami siffa mai gefe shida a cikin da'irar, kowane gefe tsawonsa rabin faɗi, jimilla faɗi uku ke nan. To amma bakin da'irar lanƙwashe yake a bayan kowane gefe, kuma hanya mai lanƙwasa ta fi miƙaƙƙiya tsawo, saboda haka dole kewayen ya zarce faɗi uku. Idan kuma aka zana murabba'i a wajen da'irar yana taɓa ta ta ɓangare huɗu, kewayensa faɗi huɗu ne, ya fi na da'irar. Ke nan π yana tsakanin 3 da 4 tun kafin a taɓa kalkuleta. Wannan hanya ce Arkimidis, mutumin birnin Sirakus a tsibirin Sisili, ya bi a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi ta ninka gefunan har suka kai 96, ya nuna cewa π ya fi 223 bisa 71, amma bai kai 22 bisa 7 ba.

A sake karanta ƙarshen jimlar nan: bai kai 22 bisa 7 ba. Nan ne kuskure na uku da ke tayar mini da hankali, kuma laifinsa namu ne, malamai. Muna rubuta π = 22/7 a allo da alamar daidai, shekara da shekaru, yara suna kwafa. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma malamin da ya san haka ya ci gaba da rubutawa don gudun dogon bayani, ya cuci yaran mutane. Idan aka raba 22 da 7, ana samun 3.142857, waɗannan lambobi shida na bayan ɗigo kuma su yi ta maimaita kansu. Shi kuwa π yana farawa da 3.14159265, ya ci gaba ba iyaka ba kuma maimaituwar tsari. A lamba ta uku bayan ɗigo suka raba hanya.

A shekarata ta biyu da fara koyarwa, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kalkuletar yayana tana ba da amsa daban idan na danna π da idan na danna 22 a raba da 7." Maimakon in tsaya in duba, sai na ce mata kalkuletar ce ta jabu, aji ya fashe da dariya. Da dare na gwada da tawa, na ga abin da ta gani. Na ba ta haƙuri a gaban aji washegari, amma har ta bar hannuna ba ta ƙara yin tambaya ba, kuma wannan asarar ta fi ta rodi yi mini ciwo. Yanzu alamar "kusan daidai" nake rubutawa, kuma ina rage maki ga duk wanda ya rubuta alamar daidai, ko da abokan aikina suna ganin na cika tsanani.

Abin da ke rikita yara a nan, kuma suna da hujja, shi ne an ce musu π sakamakon raba abu da abu ne, sannan an ce ba a iya rubuta shi a matsayin lamba bisa lamba. Bayanin shi ne ba a taɓa samun da'irar da kewayenta da faɗinta duka biyun suka faɗa a kan cikakkun lambobi da ma'auni ɗaya. Idan faɗin ya zama santimita 7 cif, kewayen zai zama 21.99 da 'yan kai marasa ƙarewa, ba 22 ba. Johann Lambert ne ya tabbatar da haka da hujja a shekarun 1760. Kafin shi masana sun daɗe suna matsowa kusa: Zu Chongzhi na ƙasar Sin ya kawo 355 bisa 113 a ƙarni na 5, wadda ta dace da π har lamba shida bayan ɗigo, Jamshid al-Kashi kuma a Samarƙandu ya kai lamba 16 a 1424. Littattafanmu ma suna ƙara ɓoye gaskiyar, domin da gangan suke zaɓar 7 da 14 da 21 da 3.5 a tambayoyi don bakwai ta cinye bakwai amsa ta fito tas, sai yaro ya zaci haka duniya take.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan faɗa nawa ya je ya yi wa kansa illa. Idan takardar WAEC ko NECO ta ce a ɗauki π a matsayin 22/7, to a ɗauka, domin da ita aka shirya amsar; ɗakin jarrabawa ba wurin nuna sani ba ne. A wajen aiki ma 22/7 ta wadatar, tun da bambancinta da π bai wuce 0.0013 ba: a tankina rabin santimita ne kacal, a fili mai faɗin mita 100 kuma kusan santimita 13. Uku ce ke kunyata mutum a gaban birkila, ba 22/7 ba.

Akwai kuma rikita faɗi da rabin faɗi, wanda shi ya fi cin maki a takardun da nake dubawa. Kewaye shi ne π sau faɗi, ko 2 sau π sau rabin faɗi. Girman filin da ke cikin da'ira kuma π sau rabin faɗi sau rabin faɗi. Wanda ya sa faɗi a gurbin rabinsa wajen neman fili, amsarsa za ta ninka sau huɗu, ba sau biyu ba. Tankina mai zurfin mita 1.5 yana ɗaukar kusan lita 18,850. Mai wannan kuskure zai ce 75,400, ya je ya sayo 'ya'yan kifin da za su mutu don cunkoso. Ɗabi'ata ita ce kafin in taɓa kowace ƙa'ida, sai na zana da'irar na rubuta faɗi da rabinsa duka biyun a jikinta, ko da ɗaya kawai aka tambaya. Gargaɗi ga malamai: kada ku gwada yara da rabin faɗi 2, domin a nan kewaye da fili duk 12.57 suke bayarwa, sai wanda ya cakuɗa ƙa'idojin ya ci maki a ɓagas. Na yi shekara uku ina sa irin wannan tambaya kafin in farga.

Sauran ƙanana ne. π ba shi da santimita ko mita, domin tsawo aka raba da tsawo. Kewaye da mita ake rubuta shi, fili da murabba'in mita, kuma amsar da ba ta da ma'auni ni a wurina rabin amsa ce. A wajen neman fili, rabin faɗin kaɗai ake ninkawa da kansa, ban da π. Kada a datse lambobi a tsakiyar aiki, a bari sai layin ƙarshe. Wanda aka ce ya nemo kewayen rabin da'ira ya tuna da miƙaƙƙen gefen, ya ƙara faɗin a kan rabin kewayen.

Masu gasar haddace lambobin π kuwa, ban hana su ba, amma ba na ba su maki a kai. William Shanks na Ingila ya share shekaru yana lissafi da hannu har ya fitar da lamba 707 a 1873, sai a shekarun 1940 aka gano cewa ya kauce tun daga ta 528. Ni 3.1416 na riƙe a kaina, kuma duk ranar da zan sayi abin da za a lanƙwasa, da igiya nake fara zagaya wurin kafin in nufi kasuwa.