Yaro mai sikila a gida: inda iyaye suka fi tuntuɓe

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne jiran gari ya waye. Jikin yaro ya yi zafi da dare, a ba shi farasitamol, a ce Allah ya kai mu gobe. Mai sikila saifarsa ba ta tare ƙwayoyin cuta kamar ta sauran yara, don haka zazzaɓin da ya kai digiri 38.5 na asibiti ne a daren nan. A sayi ma'aunin zafin jiki, a riƙe lambar mai babur da aka yarda da shi, a ware 'yan sefa da ba a taɓawa ko da cefane ya yanke.

Haka in cikinsa ya kumbura ta hagu, leɓensa da tafin hannunsa suka yi fari fat, shi ma na asibiti ne nan take. Wasu iyayen wanzami suke kira ya yi tsaga, alhali jini ne ya taru a saifa, kuma sau da yawa ƙarin jini yaron yake buƙata cikin gaggawa.

Sai batun ruwa. Yaran nan suna yawan fitsarin kwance, domin ƙodarsu ba ta riƙe ruwa sosai. Uwa ta gaji da shanya tabarma, sai ta hana shi sha daga magariba, wani lokaci har da duka. Ƙishirwa kuwa ita ke tayar da ciwon ƙashi, balle a bazarar Garwa da Marwa da zafi ke wuce digiri 40. A shimfiɗa leda, a bar shi ya sha. Da hunturu a ɗumama ruwan wanka, kuma kada a matsa masa azumi sai likita ya amince.

Kada a tsayar da folik asid da fenisilin don an ga ya warware. Fenisilin ana shansa kullum har shekara 5. Gidan sauro ma kullum ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ɗora wa uwa laifi. Dangin miji su ce daga gidansu ta kwaso, ko a ce mayu ne, har aure ya mutu tana jinya. Yaro ba ya zama SS, wato mai sikila, sai ya gada daga uwa da uba duka biyun. In dukansu AS ne, wato suna ɗauke da sikila a jini ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4, kuma haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kare na bayansa. Malam, kai ma ka je a gwada jininka, ka kai sauran yaran. Akwai reshen cibiyar gwaje-gwajen lafiya ta Centre Pasteur a Garwa. In an kwantar da yaro, ka karɓi wasu dararen uwar ta samu ta runtsa.

Yayyensa kuma a gaya musu gaskiyar ciwon daidai hankalinsu, kuma kada a cire babbar 'ya daga makaranta don ta zama mai jinya.