Yadda ake fitar da iri daga rumfar rani zuwa lambun damina a Kumasi

Irin tumatir ko barkono da aka rena a ƙarƙashin raga ko rumfar ganyen kwakwa bai san rana ba, bai san iska ba. Masu fara lambu a unguwannin Aboabo da Asawase sukan tumɓuke shi da safe su kafa a fili, kafin la'asar ya kwanta, bayan kwana biyu ganyen ya yi fari ya bushe. Sai a ɗora wa mai sayar da iri laifi, alhali gaggawa ce ta kashe shi.

Fara da lissafin lokaci. Tumatir yana isa dashe a sati 3 zuwa 4, da ganye 4 zuwa 6, barkono da yalo sai sati 5 zuwa 6. Kada ruwan farko na watan Maris ya ruɗe ka, yakan sauka sau ɗaya ya ɗauke. Jira ƙasa ta jiƙe zurfin tafin hannu, ko ka tanadi galan-galan na ruwa.

Kwana 10 kafin dashe ka fara saba wa irin da waje. Nan ne aikin yake. Kwana uku na farko, yaye rumfar daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9, ka mayar. Kwana uku na biye, bar shi har 11, ka sake buɗewa bayan la'asar. Daga nan ya wuni a rana, sai dai in hadari ya taso ka rufe, domin ruwan Kumasi mai ƙarfi yana kwantar da ƙaramin iri. Rage ban ruwa a hankali, daga sau biyu a yini zuwa sau ɗaya. In ya ɗan yi yaushi da azahar ya miƙe da yamma, daidai ne. In ya kwana a kwance, alama ce ka matsa masa da yawa. Taki kuwa ka daina sa masa sam a kwanakin nan, tsawo kawai zai ƙara, karan ya yi laushi. Alamar ya ƙosa ita ce kara ya yi kauri, ganye ya yi duhu.

Fangalin rani mai riƙe ruwa ba ya aiki da damina. Tada kunya mai faɗin mita 1, tudun santimita 20, da hanyar ruwa a tsakani. Kashin kaji yana da araha a gonakin kaji na bayan gari, amma ɗanyensa yana ƙone saiwa. Cakuɗa ruɓaɓɓe da ƙasa sati biyu kafin dashe. Inda aka cire barkono ko yalo kada a sa tumatir, danginsu ɗaya, ciwon yaushi da ke cikin ƙasa zai kama shi.

Ranar dashe, jiƙa irin sosai, ka ɗago shi da ƙasarsa bayan la'asar. Tazara santimita 60. Binne tumatir har kusa da ganyen farko, karansa zai fitar da saiwa, barkono kuwa iya zurfinsa na da. Danne ƙasa, ba shi ruwa, shimfiɗa busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa karan ba. Ajiye ragowar iri don cike gurbin wanda gyare ya yanke.

Bayan sati biyu, murfin kwalba ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 ga kowane tushe, nesa da kara kaɗan, sannan ka kafa wa tumatir sanda.