Yadda na miƙar da sandunan dargaza da suka lanƙwashe

Wani bafulatani ne ya kawo mini damin dargaza daga dajin bakin Binuwai, nan kusa da Garwa, don in yi wa dattawa sandunan dogarawa. Itacen mai kyau ne, ba kogo, ba cin gara, amma da hunturu ya busa sai rabinsu suka yi doro.

Busasshen itace ba ya jin ƙarfi, in ka danna shi haka karyewa zai yi. Sai na jiƙa su cikin kwatami suka kwana. Da safe na hura gawayi har ya zama garwashi ba harshen wuta, na shafa man gyaɗa a daidai inda doron yake, ina jujjuya sandar a sama-sama. Alamar ta yi ita ce man ya fara tsuwa, bawon yana tururi, hannu kuma ba ya iya riƙe wurin. Nan take na sa ta a gwafar bishiyar darbejiya na danna a hankali, na ɗan zarce daidai, domin in ta huce takan koma baya kaɗan. Daga nan na ɗaure ta tamau a jikin azara, cikin inuwa, ban fere bawon ba sai da ta bushe sarai.

Wadda doronta ya faɗa kan gaɓa kuwa ban ɓata gawayina ba, a wurin take tsagewa. Irin waɗannan na yanke su ƙotar fartanya. Marke ma haka nake masa, sai dai ya fi taurin kai, yana son wuta sau biyu.